Awa Ɗaya da Rabi

Saratu ta aiko tikiti ta waya,
ta ce, "Baba, Sakkwato zuwa Ikko
awa ɗaya da rabi ne ta sama."
Na ce ta sake faɗi, ko layi ne ya yanke.
Ta sake. Na ajiye wayar bisa buzu,
na dubi ƙafata ta dama
da ta shekara talatin da ɗaya bisa totur,
na rasa abin da zan gaya mata.

Awa ɗaya da rabi!
Mu ko lodin albasa ba mu gama ba.
Nomau na saman bodi yana jan tamfol,
dillali na rantsuwa buhu ɗari biyu ne cif,
ni ina zagaya tayoyi, ina bugunsu da ƙarfe,
ina sauraren wadda za ta yi mini ƙarya.

In mun tashi da la'asar sakaliya,
Boɗinga, Shagari, Tambuwal,
sai mu yi isha'i a Jega.
Koko akwai Ɗan'ige mai shayi,
ya san ba na son madara, bai taɓa tambaya ba.
Yawuri da asuba, warin kifi shi ke tada Nomau.
Kwantagora rana ta take,
daga nan rami ke karɓar mulki,
mota na tafiya kamar tsohuwa ɗauke da tulu.
Sai gangaren Jabba.
Nan birki ya ci amanar Jabbi,
shekarar da aka haifi Saratu.
Mu muka tsince albasarsa a bakin kwalta,
mu muka yi masa sutura.

Ilori, Badun, kwana uku ke nan
in Allah ya tsare, in kaya bai fara tsiro ba.
Mu shiga Ikko ido ja wur,
riga ta manne da baya.

Yau ga ni a filin jirgi,
wanda na wuce ƙofarsa sau dubu ban leƙa ba.
Sun auna jakata, sun karɓe 'yar wuƙar yankan farce.
Wani yaro mai ɗamara da murmushi
ya ce ta sama kilomita ɗari bakwai ne da 'yan kai,
miƙe sak kamar igiyar magini.
Na ce, "Ɗana, ta ƙasa sun haura dubu.
Ina sauran ɗari ukun suka shiga?"
Ya yi dariya, ya ce kwana-kwana ce.

Kwana-kwana!
Cikinta na koyi Yarbanci na cin abinci,
cikinta na biya kuɗin makarantar mai aiko tikiti,
cikinta gashina ya yi fari
tsakanin wani shinge da wani shinge.
Abin da jirgi ya yanke ya yar,
shi ne ni.

Can sai lasifika ta yi tari,
ta ce jirgi zai yi jinkirin awa huɗu.
Mutane suka hau tsaki, wani na dukan agogo.
Ni kuwa na miƙe ƙafa, na ɓare goro,
na ce, yauwa,
yanzu na gane tafiya ce.

Na koma wurin yaron nan,
na roƙi kujerar da ke jikin taga.
Na ce in mun zo saitin gadar Jabba
wani ya taɓa ni.
Ya ce, "Baba, ko da babu gajimare,
kafin ka gama Fatiha an wuce."

Na ce ba komai.
Zan fara tun daga Makwa.